Me Za Ka Gaya Wa Yaron Da Bai Tuna Ba?

Karatu: Farawa 41:50-52 da 45:1-15

Kafin ka ci gaba, ka ɗan ajiye wannan takarda ka tambayi kanka: mene ne abu na fari da kake iya tunawa a rayuwarka? Na san ba ranar sunanka ba ce, ko da yake saboda kai jama'a suka taru. Ba kuma ranar da aka yaye ka ba ce, duk da kukan da aka ce ka sha. Yawancin mutane, in suka koma baya iyakar ƙoƙarinsu, sukan tsaya ne wajen shekara 3 zuwa 4. Abin da ke bayan nan duhu ne. Duk abin da ka sani game da waɗannan shekaru wani ne ya gaya maka, kai kuwa ka gaskata.

Ka riƙe wannan a zuciyarka, mu tafi tare gabashin Sudan.

Garin Gadarif yana kimanin kilomita 400 kudu maso gabas da Khartum, a kan hanyar iyakar Habasha. Ƙasa ce mai baƙar laka, ta dawa da riɗi, har ana ce mata rumbun Sudan. Amma a 'yan shekarun nan ba hatsi kaɗai ta tara ba. A watan Nuwamba na 2020 yaƙi ya ɓarke a yankin Tigrai na Habasha, dubban mutane suka ƙetaro iyaka, aka sāke buɗe musu sansanin Um Rakuba, wanda ya taɓa karɓar 'yan gudun hijira a shekarun 1980. Ran 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya tashi a Sudan kanta tsakanin sojan gwamnati da rundunar RSF. A watan Disamba na shekarar nan birnin Wad Madani ya faɗi, a tsakiyar 2024 kuma Sinja ta bi baya. Mutane dubu ɗaruruwa suka kwarara jihar Gadarif, har makarantu suka zama wurin kwana. Sojan gwamnati sun karɓe Wad Madani a Janairu na 2025, wasu sun koma gida, wasu ba su da gidan komawa.

Ka duba yaro guda a cikin wannan taro. Yana da shekara 2 aka goyo shi daga Wad Madani. Ba zai tuna hanyar ba, ba zai tuna motar da aka cusa su a ciki ba, ba zai tuna fuskar wanda ya ƙwace wa uwarsa waya a shingen hanya ba. Amma yana girma, kuma ranar tambaya tana zuwa: "Mama, ina gidanmu? Ina Baba?" Me ya kamata ta gaya masa? In ta faɗa masa duka, ba ta ɗora masa kayan da Allah da kansa ya sauke masa ba? In kuwa ta yi shiru, ba ta ɓoye masa gaskiya ba? Wannan tambaya ba ta matan Gadarif kaɗai ba ce. Ni da kai mun san gidajen da take kwana a cikinsu.

Hausawa ma sun rabu biyu a kan wannan. Wasu sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wasu sun ce waiwaye adon tafiya. Kafin mu zaɓi ɗaya, bari mu fara sanin yadda Mahalicci ya shirya tuni a cikin mutum.

Da yawanmu mun ɗauka ƙwaƙwalwa kamar kaset ce, abin da ta ɗauka shi za ta maimaita. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gane cewa ba haka take ba. Ta fi kama da ɗakin laka. Kowace shekara bayan damina mai gida yakan kwaɓa sabuwar ƙasa ya yaɓe inda ya zaizaye. Bayan shekara 20 ɗakin yana nan, shi ne dai, amma wa zai iya nuna maka ƙasar farko da ta baya? Duk sa'ad da ka tuna wani abu, sāke gina shi kake yi, kana cike gurbi da abin da ka ji daga baya, da abin da kake ji a ranka yau. Wani malami a jami'ar Kambirij ta Ingila, Frederic Bartlett, ya nuna haka tun 1932. Ya ba mutane wata tatsuniya ta wata al'umma da ba su sani ba, ya riƙa sa su maimaita ta bayan kwanaki da watanni. Labarin ya riƙa gajarcewa, abin da ya yi musu baƙo ya ɓace ko ya rikiɗe ya zama irin abin da suka saba. Ba ƙarya suka yi niyyar yi ba.

A 1974 wata masaniya a Amurka, Elizabeth Loftus, tare da abokin aikinta John Palmer, suka nuna wa ɗalibai fim na hatsarin mota. Aka tambayi wasu gudun da motocin ke yi sa'ad da suka bugi juna, aka tambayi wasu gudun da suke yi sa'ad da suka yi raga-raga da juna. Na farkon suka ce wajen mil 34 a awa, na biyun suka ce sama da mil 40. Fim ɗaya suka kalla. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambaya ko sun ga fasassun gilasai. Cikin mutum 50 da aka yi wa tambaya da kalma mai zafi, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 na ɗaya ɓangaren, 7 ne suka ce haka. Babu fasasshen gilashi ko ɗaya a fim ɗin. Kalma guda ce ta zuba gilashi a kan titi.

Idan haka take ga manya, ina ga yaro? Ga labarin da ba na gajiya da shi. Jean Piaget, mutumin Suwizalan, wanda ya rayu daga 1896 zuwa 1980, yana cikin manyan waɗanda suka yi nazarin yadda hankalin yara ke girma. Shi da kansa ya ba da labari cewa yana tuna ranar da wani mutum ya yi ƙoƙarin sace shi a birnin Faris, yana cikin shekararsa ta biyu, yana zaune a keken jarirai. Yana ganin yadda mai rainonsa ta tare ɓarawon, da yadda aka yakushe mata fuska, da ɗan sandan da ya zo da sandarsa. Iyayensa har agogo suka ba matar don godiya. Da ya kai wajen shekara 15, sai ga wasiƙa daga wurinta. Ta tuba, ta shiga ƙungiyar Sojan Ceto, tana so ta furta laifofinta na dā. Babu ɓarawo. Ita ta ƙaga labarin, ita ta yi wa kanta yakushin, ga agogon kuma tana so ta mayar. Yaron ya ji ana ba da labarin a gida, ƙwaƙwalwarsa ta zana masa hotuna, ya girma yana tuna abin da bai taɓa faruwa ba.

Ya ɗan'uwana, ka ga girman abin da aka damƙa a hannunka? Ga ɗan da bai tuna ba, bakinka shi ne idonsa. Abin da ka maimaita masa kowace rana zai zama kamar shi ya gani, zai kuma iya rantsewa a kansa.

To, sai wani ya ce, ashe shiru ya fi. A bar yaro da farar takardarsa. Na so a ce haka ne, amma takardar ba fara ba ce. Sashen ƙwaƙwalwa da ke ɗaure abin da ya faru da wuri da lokaci, wanda ake kira hifokamfus, bai gama nuna ba a shekarun farko, yaron kuma bai da isasshen harshe da zai ƙulla labari. Amma sashen da ke koyon tsoro, wato amigdala, yakan fara aiki da wuri. Shi ya sa za ka ga yaron da ba zai iya gaya maka komai ba yana firgita in ƙofa ta buga, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya manne wa zanen uwarsa ya ƙi saki. Labarin ya tafi, tsoron ya zauna.

Yaro kuma a fuskar babba yake karanta duniya. A 1985 wasu masana a Amurka, James Sorce da abokan aikinsa, suka aza jarirai 'yan wata 12 a kan tebur mai gilashi, inda ƙasa ta yi kamar ɗan rami a gabansu, uwa tana tsaye a ɗaya gefen. Inda uwar ta yi fara'a, 14 cikin 19 suka rarrafa suka ƙetare. Inda ta nuna tsoro a fuska, cikin 17 ba ko ɗaya da ya ƙetare. Tun kafin wannan, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Anna Freud da Dorothy Burlingham sun riƙe gidajen rainon yara a Landan ana ruwan bama-bamai. Abin da suka lura da shi shi ne, rabuwa da uwa ya fi bam girgiza ƙaramin yaro, kuma tsoron yaro yakan bi sawun tsoron uwarsa. Saboda haka uwar da ta kulle bakinta ba ta kulle fuskarta ba. Ɗanta yana ganin yadda take ɗauke numfashi in jirgi ya wuce, da yadda ake sauya magana in ya shigo ɗaki.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Piaget ya nuna cewa yaro tsakanin shekara 2 da 7 yakan ga kamar komai a kansa yake juyawa. In ba a ba shi dalili ba, shi zai ƙaga nasa, sau da yawa kuma kansa yake ɗora wa laifi: Baba ya tafi don na ƙi jin magana, mun bar gida don na yi kuka. Yawancin yara sai sun kai wajen shekara 5 zuwa 7 suke gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa. Yaron da aka ce wa Baba ya yi tafiya zai iya shekara yana duban ƙofa. Na taɓa ba wata gwauruwa shawarar ta faɗi haka, ina ganin tausayi nake yi. Da na san abin da na sani yanzu, da ban ba ta ba.

Shiru dai bai fisshe mu ba. Dole a yi magana. Saura wace irin magana.

A Gadarif ɗin nan akwai Hausawa masu yawa, manoma da 'yan kasuwa, Musulmi ne, 'yan ƙasar Sudan ne. Kakannin wasunsu alhazai ne da suka taso a ƙasa daga Kano da Katsina da Sakkwato za su Makka, suna tsayawa su yi noma su tara guzuri, har tsayawar ta zama zama. Wasu kuma sun biyo hijirar da aka yi bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli na 1903, sa'ad da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Bulu Nil. Wani masani ɗan Gana, Bawa Yamba, ya wallafa bincike a 1995 a kan irin waɗannan mutane a yankin Jazira. Ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunne da aka haifa a Sudan suna kiran kansu matafiya da ke kan hanyar Makka. Ka yi tunani. Mutum bai taɓa ganin ganuwar Kano ba, amma yana Hausa, yana iya gaya maka garin kakansa. Ba da ƙwaƙwalwarsa ya tuna ba, da bakin kakarsa ya tuna. Wannan kyauta ce babba, gama yaron da ya san inda ya fito ba ya yawo kamar kara a kan ruwa.

Amma ta hanyar da alheri ke bi, ta nan dafi ma yake bi. A watan Yuli na 2022 rikici ya tashi a jihar Bulu Nil tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, a kan ƙasa da neman sarauta. Aka kashe mutum fiye da 100, a watan Oktoba kuma aka sāke zubar da jini. Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartum da wasu garuruwa. A ƙarƙashin rigimar akwai tsohuwar tambaya: wa ke da ƙasa, wa ya zo daga baya? Samarin da suka ɗauki makami ba wanda yake raye sa'ad da aka zo ɗin. Kowane ɓangare da labarin da aka shayar da shi.

Kada mu yi nisa da nuna yatsa. Wanda aka haifa bayan rikicin Kaduna na 2000 ko na Jos na 2001 yau ya isa aure. Wata ranar Lahadi na leƙa ajin yara a majami'armu, malamar tana koyar da ƙaunar maƙwabci. Wani yaro da bai wuce shekara 8 ba ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ban da su. Su ba su da tausayi, haka aka halicce su." Yaron bai taɓa ganin rikici ba. Abin da ya sa jikina ya yi sanyi shi ne na gane maganar. Na taɓa jin ta a bakin dattawa bayan sujada, kuma, in faɗi gaskiya a gaban Allah, na taɓa faɗin makamanciyarta a gidana, 'yata tana zaune tana cin tuwo.

A nan ne masu bi da yawa suke tuntuɓe. An koya mana cewa gafara ita ce mantuwa, don haka wanda yake tunawa bai gafarta ba. Sai mutum ya yi ta fama ya kore tunanin, ya kāsa, ya ƙara da jin laifi a kan ciwonsa. Wani masani mai suna Daniel Wegner ya gwada wannan a 1987. Ya ce wa mutane kada su yi tunanin wata farar dabba na minti 5. Ba su iya ba, da aka sake su kuma tunanin ya dawo fiye da na waɗanda ba a hana ba. Mantuwa ba ta karɓar umarni.

Ka duba Yusufu. Ya raɗa wa ɗan farinsa suna Manassa, sunan da ke nufin mantuwa, domin a cewarsa Allah ya mantar da shi wahalarsa. Amma ka juya shafi. Da 'yan'uwansa suka zo sayen hatsi, nan take ya gane su, ya tuna mafarkansa, ya keɓe ya yi kuka ba sau ɗaya ba. Ranar da ya bayyana kansa kuwa bai ɓoye laifin ba, ya ambaci sayarwar da suka yi masa a gaban idonsu. Komai yana nan a kansa, har rijiyar. Abin da ya fita daga cikinsa shi ne neman ramuwa. Ka kuma lura da inda ya ajiye wannan shaida: a cikin sunan ɗansa. Yaron da za a iya raino ya rama wa ubansa, shi ne ya girma har zuriyarsa ta sami rabo tare da zuriyar kawunnansa a ƙasa ɗaya.

Ina jin wani yana cewa, "Fasto, wannan ai rufa wa azzalumi asiri ne." A'a. Uwar nan ta Gadarif ba ta da izinin ce wa ɗanta ba abin da ya faru. In an ƙone gida, an ƙone. In an kashe uba, ta ce ya mutu, ta ce mutane ne suka kashe shi, kuma mugun abu suka yi. Ta faɗa daidai da shekarunsa, ɗan shekara 4 jimla biyu ta ishe shi, sauran sai ya tambaya. Ta gaya masa ba laifinsa ba ne, ta maimaita har ya shiga. Abin da ba ta da izini a kai shi ne ƙarin gishiri. In mutum 5 ne suka shigo gidan, 5 ne, ba ƙabila duka ba. Annabi Ezekiyel a sura 18 ya ƙi yarda a ɗora wa ɗa laifin ubansa, wannan kuwa ya haɗa da 'ya'yan maƙiyinka. Ba ta kuma da izinin ragi. Wanda ya ba su ruwa a hanya, wanda ya buɗe musu ƙofarsa a Gadarif, shi ma yana cikin labarin, ko daga wane ɓangare yake. Tun da ka san ƙwaƙwalwa yaɓe take yi, ka riƙa tuhumar labarinka. In ka ga kowace shekara mugun yana ƙara muni, kai kuma kana ƙara fari, to wani abu yana shiga laka.

In kuwa ke ce, 'yar'uwata, bakinki ya kāsa buɗuwa, in kin fara sai rawar jiki, kada ki tilasta wa kanki. Ki fara faɗa wa babba irinki, wata amintacciya a zumuntar mata ko ma'aikacin lafiya, kafin ki faɗa wa ɗanki. Ya ji labarin daga bakin da ya riga ya yi kukansa.

Abin da ya fi kama ni a labarin Piaget shi ne matar nan. Shekara 13 labarinta yana tsaye, ba mai tuhumarta, agogon yana hannunta. Tuba ce ta sa ta ɗauki alƙalami ta rushe abin da ta gina a kan ɗan mutane.

Bayan ranar Lahadin nan na zauna na bi labarin da na saba ba 'ya'yana, na rikicin da aka yi a garinmu ina saurayi. Sun san hayaƙin, sun san gudun, sun san shagon babanmu da aka ƙone. Sai na tarar akwai wani yanki da ya zaizaye shekaru da yawa ban yaɓe ba. Daren farko ba a barikin 'yan sanda muka kwana ba, kamar yadda nakan taƙaita. A ɗakin matar wani maƙwabcinmu muka kwana, mu bakwai. Musulmi ne, tela, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna har asuba. Na kira 'yata na gaya mata. Ta tambaye ni sunansa, na faɗa. Ta tambaya ko yana da rai, na ce ya rasu. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Baba, to me ya sa ba ka taɓa faɗa mana ba?" Na ce mata ta kira mini ƙannenta, su ma su zo su ji.